Shukar Dada da Ruwan Alwala

Zuwa ga mahaifiyata, Dada.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwar da ta cancanci uwa daga 'yarta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama, a makwanci mai faɗi da haske. Na san ba a aika wa wanda ya rasu wasiƙa. Ke kika sa ni makaranta, ba sai an tuna mini ba. Amma duk wanda zan yi wa tambayar da ke bakina a garin nan yana da hannu a ɓarnar, shi ya sa na dawo gare ki. Da gangan kuma na ajiye wasiƙar a inda jama'a za su gani, domin Goggo Petel tana da jikoki masu karanta mata abin da ke cikin waya.

Dalilin rubuto miki shi ne zabuwarki tana mutuwa. Ko in ce ta mutu, saura ɗan abin da bai kai babban yatsana ba, kuma ban san ko zai ga wani makon ba.

Shukar nan nake nufi mai kaurin ganye, mai ƙaya-ƙaya a gefe da ɗigon fari kamar jikin zabo, wadda yaran yanzu ke ce wa alobera suna sayen ruwanta a kwalba. Taki ba ta kwalba ba ce. Daga gidan kakata a Mutum Biyu kika ɗauko ta, a cikin ƙwarya, kina rungume da ita a bayan motar kaya, ranar da aka yi wa Baba canjin aiki zuwa Jalingo. Kin ce kakata ma a hannun uwarta ta same ta. Gidan Mutum Biyu yanzu shaguna ne, an malale tsakar gidan da siminti. 'Ya'yan shukar da kika riƙa rabawa mutane duk sun salwanta, wata akuya ta tumɓuke, wata an bar ta a gidan haya. Ni ban taɓa ɗaukar nawa ba. Don me zan ɗauka? Ga ki, ga ta, daga gidana a Yelwa zuwa naki a Sintali ɗan hawan keke ne. Wannan ita ce ta ƙarshe, Dada. In ta tafi, babu inda zan je in samo irinta.

Kowa a Sintali ya san yadda kike alwala. Ba kya yi a bakin kwata kamar sauran mutane. Sai ki ɗauki butarki ki tsuguna gefen tukwanen da ke jere a gindin baranda, ki wanke hannu a kan na'a-na'a, ki wanke fuska a kan ɗoɗɗoya, ki ce, "Ruwa bai gama aiki ba don ya taɓa fuskata." Mun ji wannan magana har mun haddace ta.

Abin da suka gani ke nan. Abin da ba su lura da shi ba, zabuwa ba ta cikin jerin. Tana can sama a dakalin taga, ƙarƙashin rufi, inda hasken safe ke samunta, ruwan sama kuma ba ya taɓa ta. Tukunyarta ta ƙasa ce, tsohuwa, ta tsage daga baki har gindi, kin ɗaure ta da waya. Sai ki yi makonni ba ki ba ta ko ɗigo ba. In na ce, Dada, wannan fa ba ta sha ba, sai ki tura yatsa cikin ƙasar, ki ciro ki duba, ki ce, "Ba ta tambaya ba."

Ranar da aka kai ki, gidan ya cika har titi. Kin san mutanenki: dangi daga Mutum Biyu, na ruga, matan ofis, matan cocin Mama Rifkatu maƙwabciyarmu. Ni ina ɗakinki a kan tabarma. Ana shigowa ana cewa ya haƙuri, ina cewa da godiya, ba na gane fuskar kowa. Abin da aka yi a tsakar gida daga baya na tattara labarinsa, kamar mai bin sawun ɓarawo. Sai dai da na kai ƙarshen sawun, ban tarar da ɓarawo ko ɗaya ba. Masoyanki na tarar.

Na farko Hamma Sale, ɗanki na fari, wanda ba ya iya kuka a gaban mutane sai ya nemi abin da zai gyara. Ya ji manyan ofishinsu za su zo gaisuwa, ya ɗaga kai ya ga fasasshiyar tukunya ɗaure da waya a taga, kunya ta kama shi. Ya fita ya sayo wata ƙatuwar tukunyar roba mai ruwan zinariya da zanen furanni, irin wadda ake ajiyewa a ƙofar otal. Ya sa aka ɗebo masa baƙar laka daga fadama, aka kwaɓa da ɗanyen kashin shanu, domin a ganinsa abin da uwa ta bari sai a ciyar da shi da mai kyau. Ya dasa zabuwarki a ciki, ya binne ta har wuya. Tukunyar ba ta da huji a gindi, Dada. Ko na allura. Taki kuwa ya jefar a bola, an kwashe.

Ta biyu Goggo Petel, ƙanwar Baba, wadda kuka shekara arba'in kuna faɗa a kan gishirin miya, kuma ita ce ta yi miki wanka. Ta ga shukar cikin sabuwar tukunya, ta sa aka ja ta tsakiyar gida, daidai inda mata ke alwala. Ta tafa hannu ta yi shela: "Wannan ce 'yar gaban goshinta. Duk mai son marigayiya ta yi alwala a nan. Abu mai rai in ya sha, ladan na mai shi ne, zai same ta har kabari."

Ki lissafa da kanki. Gida cike da mata, salla biyar a yini, kowace tana so a ga ita ta fi son ki. An ce har layi ake yi. Wadda alwalarta ba ta karye ba ma sai ta sabunta. Mama Rifkatu ta tsaya tana kallo, abin ya tsaya mata a rai, ta koma gida ta ciko bokiti ta ce, "Ni ba na alwala, amma Dada uwana ne, ni ma zan ba shi ya sha." Ta juye duka. Yara suka ga manya na yi, suka riƙa zuba ragowar shayi da kunu. Ga damina a tsakiyarta, sama ita ma tana kawo tata gudummawar kullum da yamma.

Bayan addu'ar bakwai aka raba zannuwanki da kwanukanki. Ban miƙa hannu ga komai ba. Na ce a ba ni zabuwa kawai. Goggo ta ce, "Abu mai rai ba ya fita daga gidan mamaci sai an yi arba'in." Ban san daga wane littafi ta samo wannan ba, kuma na karanta da dama. Amma idanuna sun kumbura, ba ni da ƙarfin gardama. Ban ma leƙa tsakar gidan ba, ta ƙofar zaure na fice, domin ba na son ganin inda kike tsugunawa. Na koma Yelwa, na koma ajina. Baƙi suka ragu, Goggo ta zauna tsaron gida, alwala kuma ta ci gaba.

Sai Hamma ya kira ni a waya. Ya ce, "Dija, shukar Dada ƙishi take ji. Duk ruwan da muke ba ta ba ya isarta."

Ko da na shiga gidan, wari ne ya fara gaishe ni, irin na rijiyar da aka daɗe ba a ja ba. Ganyayen da na sani tsaye kamar mashi, sun kwanta a bakin tukunya, sun yi rawaya, gindinsu ya yi laushi kamar tumatir ɗin da ya kwana a ƙasan kwando. Ƙananan ƙudaje baƙaƙe suna tashi daga lakar. Na tura yatsa kamar yadda kike yi. Yatsana ya nutse har ƙarshe, ruwa ya taso ya cika ramin.

Ga muguntar abin, Dada, kuma na so a rubuta shi a bangon kowane gida. Shukar da ƙishi ke kashewa da wadda ruwa ke kashewa kamanninsu ɗaya ne daga nesa. Duk su biyu suna yaushi, duk su biyu suna rawaya. Saiwa tana numfashi kamar yadda muke yi. In laka ta toshe ta, sai ta ruɓe, in ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, sai ganye ya yi yaushi alhali gindinsa yana cikin tafki. Mai shi ya gani ya ce ƙishi ne, ya ƙara. Ya ga ta ƙara lalacewa, ya ƙara ninki. Bambancin ba a ido yake ba. Ganyen mai ƙishi yana bushewa ya shanye, ƙasarta ta ja da baya daga jikin tukunya. Na mai ruɓa yana laushi, yana wari. Sai an durƙusa an taɓa, an sunsuna. A cikin matan nan duka, da suka durƙusa a gabanta sau biyar a yini, babu wadda ta taɓa ƙasar.

Na ce za a tone ta yanzu. Goggo ta fito daga ɗakinki riƙe da carbi.

"Ki tone me? Ke dai boko ya cinye ki. Shuka ta ga mai ita ta tafi, ta bi ta. Ki bar wa Allah ikonsa."

Na ce, "Goggo, Allah ne ya ƙi huda gindin tukunya?"

Hamma ya ce, "Tukunyar nan ita ce mafi tsada a shagon."

Na ce, "Na gani, Hamma. Ko a lahira ba za ta yi yoyo ba."

Ki yafe mini, kin sha gaya mini bakina ya fi ni girma. Na gwada zare shukar, laka ta riƙe ta kamar mai bin bashi. Sai na ɗauko taɓaryarki a bayan turmi. Na ɗaga na sauke a jikin zinariyar Hamma har ta dare. Baƙin ruwa ya kwararo ya bi tsakar gida ya wanke ƙafafun Goggo. Babu wanda ya ƙara cewa ƙishi.

Na zaci daga nan zan samu inda zan sauke fushina. Na shirya maganganu tun a hanya, masu kaifi, na jera su. Sai na juya na ga Goggo ta zauna a ƙasa, a cikin ruwan nan, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ba ni take kallo ba, saiwar take kallo. Ta ce, a hankali, "Har zamzam ɗina na ba ta." Kin san galan ɗin nan da ta dawo da shi daga aikin hajji, wanda ta ɓoye a ƙarƙashin gado, ta ce da shi za a yayyafa wa likkafaninta, wanda ta hana jikanta kurɓa ɗaya ranar da zazzaɓi ya kusa tafiya da shi. Da ta ga shukarki tana rawaya, ta ciro shi, ta juye mata har ɗigon ƙarshe.

To, ki gaya mini, wa zan zaga? Shekara da shekaru ina tsaye gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane yadda dauloli ke faɗuwa, ban taɓa samun darasin da ya ce abin da ake yi in wanda ya rusa maka gida ya yi ne da dukiyarsa mafi daraja ba. Fushin yana nan, bai ragu ba, sai dai ba shi da masauki. Yana yawo a jikina. Shekaranjiya na yi wa mai keke faɗa a kan ya bi ta rami, har ya juyo ya ce, "Hajiya, ni na haƙa?"

Na shimfiɗa buhu a baranda na kwantar da ita. Na wanke lakar a hankali. Saiwar lafiyayyar zabuwa tana da kauri, fara ce ko ruwan ƙwai, in ka lanƙwasa ta sai ta ƙi. Waɗannan baƙaƙe ne, in na taɓa sai fatar ta saɓule ta bar zare. Na ƙona wuƙarki ta yankan kuɓewa a wuta, na fara yankewa. Duk abin da na karanta, daga littafin aikin gona na ɗakin karatun makarantarmu har abin da mutanen wasu ƙasashe suka rubuta a waya, bakinsu ya zo ɗaya kamar malaman da suka yi ijma'i: ka yi ta yanka har ka isa fari, kada ka bar baƙi ko ƙwayar gero, domin ruɓa hawa take yi.

Na yanka, baƙi. Na ƙara sama, baƙi. Na ƙara, ruwan ƙasa-ƙasa mai wari. Ganyayen tsakiya suka riƙa zarewa a hannuna ba tare da na ja ba. Na yi ta hawa da wuƙar ina cewa a raina yanka na gaba zai yi fari, har na kai inda babu sauran abin yanka. Uwar ta tafi, Dada. Shukar da kika rungumo daga Mutum Biyu, a hannuna ta narke. Ban yi kuka irin na ranar ba ko a ranar da aka fita da ke, domin a ranar akwai mutane, akwai tsari, kowa ya san abin da zai ce. A wannan babu wanda ya san abin da ake cewa.

Ina tattara ruɓaɓɓun ganyayen in zubar sai na ji wani abu mai tauri a cikin tafin hannuna. Ɗa ne. Ya tsiro a gefen uwar, can sama, a ƙarƙashin wani babban ganye da ya kwanta a kansa ya kare shi daga butoci. Ganye uku ne da shi, sirara. Na raba shi da uwar da bakin wuƙa, na duba wurin yankan. Fari ne. Akwai kuma saiwa guda ɗaya, gajera, ita ma fara. Na shafa masa tokar murhu a ciwon, na naɗe shi a gefen mayafina, na fita da shi. Goggo tana zaune tana gani. Ba ta ambaci arba'in ba.

Sauran shuke-shukenki kada ki damu da su. Na'a-na'a ta yi ƙiba kamar matar ɗan kwangila, ita wannan makoki ya karɓe ta. Ɗoɗɗoya ta kamu da fararen ƙwari masu kama da auduga a hammatar ganye, na wanke ta da ruwan sabulu da na ganyen dogon yaro, ta farfaɗo. A inda aka fasa tukunyar kuma na dasa gwaza, wadda Mama Rifkatu ta tono mini daga bayan gidanta tana ta cewa, "Yi haƙuri, ban san shi ba ya so ba." Gwaza ko a kogi aka jefa ta godiya za ta yi. Ranar arba'in gidan zai sake cika, matan za su sake zuwa da butoci da ƙaunarsu, dole su samu inda za su zuba. Na gaya wa Goggo ladan gwaza ma yana isa kabari. Ta ce ta sani, ba sai na koya mata addini ba.

Ɗan kuwa na kawo shi Yelwa. Na bar shi a kan faifai a inuwa har ciwon ya bushe ya yi fata. Na nemi tukunyar ƙasa 'yar ƙarama, na huda gindinta da ƙusa da hannuna, na sa tsingaro a kan hujin, na cika ta da yashin kogi da gutsattsarin gawayi da ƙasa kaɗan. Na zaunar da shi a sama-sama, na tokare shi da tsakuwa. Yana tagar ɗakin kwanana ta gabas. In zan fita ina kulle ɗakin in tafi da makulli, kamar mai ɓoye zinariya, domin mai yi mini shara mutuniyar kirki ce, kuma na ga abin da mutanen kirki ke iya yi.

Yanzu ga inda nake buƙatarki. An ce kada in ba shi ruwa. Ko ɗigo. An ce sai sabuwar saiwa ta fito, domin in ruwa ya taɓa ciwon kafin nan, ruɓar za ta dawo, kuma wannan karon babu abin da zai rage. An ce zai rayu da abin da ke cikin ganyensa. To, ina kallo yana cinye kansa. Ganyen waje ya shanye, ya yi ja-ja, bakinsa ya bushe kamar tsinke. Na biyu ya fara lotsawa. Littattafai sun ce haka ake yi. Littattafan ba su san cewa shi kaɗai ya rage ba. In na ba shi ruwa da wuri, na kashe shi. In na jinkirta ya wuce kima, na kashe shi. Kuma babu wanda zai zo ya ce mini yau ce ranar.

Kullum in na yi alwalar asuba sai in tsinci kaina tsaye a gaban tagar da buta a hannu. Ni da na fasa tukunya a gaban dangi. Ni da na yi wa kowa lacca. Hannuna yana karkata da kansa, zuciyata tana cewa ɗigo ɗaya dai, me ɗigo ɗaya zai yi. Yanzu na san abin da Goggo ta ji a gwiwoyinta lokacin da ta durƙusa ta jawo galan ɗin nan daga ƙarƙashin gado. Zubawa ba wuya. Kowa ya iya zubawa.

Dada, akwai labarin da kike ba ni in kina tsefe mini kai, kina dariya. Kin ce da wannan shukar kika yaye ni. Kin ce na ƙi tafasa na ƙi ƙonewa, na ƙi kunu, na ƙi fura, sai nono. Sai kika karyo ganyenta, kika shafa ruwan nan mai ɗaci a jikinki, kika ɗauke ni kamar kullum. Kin ce na kama, na saki, na ɗago kai na kalle ki da wani irin ido, kamar alƙalin da ya kama mai shaidar zur. Kin ce tun ranar bakina ya yi ɗaci bai warke ba. Goggo ce ta goya ni ta tafi da ni ɗakinta, ina tsala ihu, unguwa duk tana ji.

Nan kike tsayawa, mu yi dariya. Sau ɗaya tak kika ƙarasa mini, ranar da na dawo daga asibiti a karo na ƙarshe da likita ya ce in daina sa rai da haihuwa, kika zo kika kwana a wurina. Kin ce kina jin kukana ta katanga, ƙirjinki ya cika yana zogi har rigarki ta jiƙe, kika zauna a bayan ɗaki kika cusa zani a baki. Kin ce sau da yawa kin miƙe har kin kai ƙofar Goggo, ki tsaya, ki dawo. Na tambaye ki yadda kika san lokacin ya yi, yadda kika san ba cutar da ni kike ba. Kika ce, "Ban sani ba. Na dai tsaya."

Allah bai ba ni wanda zan yaye ba, Dada, don haka ban taɓa koyon wannan tsayuwar ba. Sai yanzu, da furfura a kaina, a gaban abin da bai kai yatsa ba. Da kina nan da kin tura yatsa a yashin, kin ciro kin duba, kin faɗi kalma ɗaya, in je in yi barci. Ina fushi da ke, in gaya miki gaskiya. Kin koya mini daka, kin koya mini karatu, kin koya mini yadda ake mayar wa mutum magana ba tare da an ɗaga murya ba, ko da yake wannan ban iya ba. Kika tafi ba ki koya mini yadda ake ganin abu yana ƙanjamewa a hana shi abin da ke hannu ba.

Yau da safe na yi abin da aka ce a yi in an matsu. Na ajiye butar a ƙasa, nesa. Na kawar da tsakuwar. Na kama shi da yatsu biyu a gindi, kamar mai taɓa jijiyar majinyaci, na ɗan ja sama kaɗan. Da farko in na yi haka tasowa yake, sakayau, kamar an ɗora shi a kan yashin ne kawai.

Yau bai taso ba. Wani abu ya riƙe.

Ban sani ba ko saiwa ce ta kama, ko yashin ne ya daskare a jikinsa. Ba zan tona in duba ba, tonawar kanta tana iya tsinka abin da nake nema. Na saki, na mayar da tsakuwar, na zauna a bakin gado. Ban ba shi ruwa ba. Zan ƙara tsayawa.

Ya Allah, ka jiƙan Dada, ka yafe mata, ka sanyaya makwancinta, ka haɗa ta da iyayenta a gidan aljanna. Ka ba ta ladan kowane ɗigo da aka zuba da sunanta, na buta da na bokiti, domin ka san niyyar masu zubawa. Ka mayar wa Goggo Petel da abin da ya fi zamzam ɗinta, ka ba ta tsawon rai ta sake zuwa ta ɗebo. Ka sassauta wa Hamma Sale, har yau ba ya iya haɗa ido da ni. Ka huce mini zuciya. Wannan ɗan abu kuma da ke tagata, kai ka halicce shi, kai ka san abin da ke faruwa a ƙarƙashin yashin da ba na gani. Ka riƙe shi, ka riƙe hannuna, har ranar da ya kamata ya sha. Amin.

Ki huta lafiya, Dada. Ki yafe mini kaifin bakina, a nono na sha.

Taki har mu haɗu,
Dija
Yelwa, Jalingo